Lalle a Hannu, Haƙƙi a Wuya

Jajiberin ƙaramar Sallar da ta wuce, wajen ƙarfe 1 na dare, na leƙa gidan maƙwabtanmu ɗauko 'yata. Ba wuta. A tsakar gida na tarar da 'yar gidan, budurwa da ba ta haura shekara 20 ba, zaune bisa tabarma. Ta ɗora ƙafar wata mata a cinyarta, ƙanenta na haska mata da fitilar waya. Tun hantsi take a wurin nan, da azumi a bakinta ta wuni. Kunun da aka zubo mata na buɗa-baki yana gefe a kofi, ya huce har ya daskare. Yatsunta sun rine, baƙi ƙirin har cikin farce.

Ita kuwa wadda ake yi wa zanen tana ta hira a waya, tana ƙyalƙyala dariya, ƙafa na rawa. Sau uku ina jin yarinyar tana cewa, "Anti, don Allah ki ɗan tsaya, zai ɓaci." Da aka gama sai ta miƙe, ta ɗaga hannuwa kada su taɓa mayafi, ta ce, "Kin ga hannuna bai bushe ba, ba zan iya buɗe jaka ba. Da safe zan turo miki."

An yi Sallah, an yi Babbar Sallah, ba ta turo ba. Kuma kullum sai ta bi ta ƙofar gidan nan, ko kai ba ta sunkuyarwa.

Jama'a, me za mu kira wannan in ba zalunci ba?

Ku tambayi kowace mai ƙunshi, daga Kano zuwa Maiduguri, daga Zariya zuwa Damagaram. Kowacce tana da irin wannan labarin, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ana son aikinsu kamar a yi kuka, amma ba a ganin su da gashi ko ɗaya. Na gaji da jin uzuri a kan wannan ɗabi'a.

A fara da lokaci. An yi da mace za ta zo ƙarfe 10 na safe. Mai ƙunshi ta kwaɓa lallenta tun dare, ta ɗura a leda, ta yanka salatif, ta sallami wasu da suka zo da kuɗinsu a hannu saboda ta riga ta yi alkawari. Goma ta yi, Azahar ta yi, waya ba a ɗauka. Sai bayan La'asar ga ta nan, ba ban-haƙuri, ba komai, da bakin "ki yi sauri ina da wajen zuwa." Wa ya fi wani wajen zuwa? Waɗanda aka mayar da safe, wa zai biya kuɗinsu?

Kuma ba ta zuwa ita kaɗai. An yi cinikin mutum ɗaya, sai ga ta da ƙanwa da ƙawa da 'ya'ya uku. "Ki ɗan ɗiɗɗiga musu, ai yara ne." Hannun yaro ba ya cin lalle ne? Duk wadda ta san aikin za ta gaya muku zanen yarinya ƙarama ya fi na babba wahala, don sai an riƙe, sai an rarrasa, sai an goge an sake. Amma kyauta ake so, a matsayin gyara, kamar ana awon gyaɗa.

Daga nan sai a zaro waya a nuna hoto. Hannun wata amarya ce a Indiya ko Dubai, aikin da aka kwashe wuni guda ana yi, aka ɗauka cikin haske, aka ƙara masa launi a kwamfuta. "Irin wannan nake so, sak." Ba a tambayi kuɗinsa ba. Ba a tambayi awa nawa zai ci ba. Sai an gama ake fara laluben aibi: nan ya karkace, nan bai fito ba, na wance ya fi wannan cika. An fake da guzuma ne ana harbin karsana. Ƙofar rage kuɗi ake nema.

Wannan ciniki bayan aiki shi ya fi ƙona min rai. Mai atamfa a Kantin Kwari, in ba ku daidaita ba, ya naɗe turminsa ya mayar kan kanta. Mahauci ya mayar da namansa kan tebur. Mai ƙunshi fa? Za ta kankare zanen daga fatar mutum ta mayar cikin leda ne? Masu wannan hali sun san da haka sarai. Shi ya sa suke yin shiru sai lalle ya bushe, sannan su miƙa rabin kuɗi su ce abin da ke akwai ke nan. Wasu ma har alat na bogi suke nunawa, su fice kafin yarinya ta duba asusunta.

In kuna son ganin munafuncin a fili, ku je gidan biki.

An haɗa lefe akwati bisa akwati. An kama ɗakin taro tun watanni, an biya cif. Mai kwalliya ba ta buɗe jakarta sai ta ga kuɗi sun shiga. Mai hoto ya karɓi kafin alƙalami. Mai kiɗa, mai abinci, mai ƙawata wuri, kowa an sallame shi tun kafin ranar, ba wanda aka ce wa ya yi haƙuri sai bayan biki. A wurin kamu ana watsa sababbin takardun naira ana tattakawa da takalmi, abin da dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ma ta haramta. Kuɗi dai akwai su.

Mai ƙunshi kuwa ita ce farkon zuwa, ita ce ƙarshen tafiya. Ƙunshin amarya, hannu har gwiwa, ƙafa har ƙwauri, yakan ci awa 5 ko 6 mutum na sunkuye. Ta ɗago ke nan ƙawaye sun yi layi, bayansu ga gwaggo, ga inna, ga matar kawu. Ana ta wucewa da farantan shinkafa ta saman kanta, ba wanda ya ce, "An ba mai ƙunshi kuwa?" Dare ya yi, ta tattara kayanta, ta tsaya a ƙofar ɗakin uwar amarya kamar mai bara. "Hajiya tana da baƙi." "Hajiya ta shiga wanka." "Ki je, za a aiko." Ko kuɗin adaidaita sahu ba a ba ta ba. 'Yar mutane, budurwa, ƙarfe 11 na dare a bakin titi. Da 'yar Hajiyar ce, za ta yarda?

Washegari hoton hannun amarya ya cika Instagram. An rubuta sunan mai kwalliya, an rubuta na tela, an rubuta na mai hoto. Wadda ta zana hannun da ake ta yabo ba a ambace ta ba, ba a kuma biya ta ba.

Me ya sa ita kaɗai ake yi wa haka? Amsar ba ta da wuya. Yawancinsu 'yan mata ne masu neman kuɗin makaranta, da zawarawa masu riƙon marayu, da matan aure masu rufa wa gida asiri daga cikin ɗaki. Ba shago, ba rasit, ba wanda zai tsaya musu. Tarbiyya ta hana yarinya ɗaga murya a gaban sa'ar uwarta. Wannan kunyar ake ci. An auna an ga ba za ta yi rigima ba, sai aka mayar da kunyarta hanyar cin guminta.

Abin takaici, da yawa daga cikin masu cin wannan bashi su ma 'yan kasuwa ne. Suna sayar da turaren wuta da mayafai da kayan kicin a WhatsApp, kuma kullum suna shelar cewa ba sa ba da bashi ko ga uban wa. Wanzami ba ya son jarfa. Abin da ba za su lamunta a yi musu ba na kwana ɗaya, shi suke yi wa 'yar wani wata da watanni.

Sai uzuri. "Rayuwa ta yi tsada." Gaskiya ne, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya ji a jikinsa. To ita mai ƙunshin a wata ƙasa take zaune? Lalle ya tashi, salatif ya tashi, leda ta tashi, mahallabiya ta tashi, kuɗin motar zuwa kasuwa ya ninka. Kuma ƙunshi ba magani ba ne, ba abinci ba ne. Wadda ba ta da hali ta kwaɓa lallenta a gida ta ƙunsa, kamar yadda iyayenmu suka yi, ba wanda zai zarge ta. Abin kunya shi ne a ɗauki ado a kan wuyan wani.

"Ai 'yarmu ce." In 'yarku ce, ai ita ta fi cancanta a biya ta har a ƙara mata. Wane irin zumunci ne wannan da ba ya tashi sai lokacin biyan kuɗi?

"Ai ɗan zane ne." Mai faɗin haka ta karɓi ledar nan ta ja layi ɗaya miƙaƙƙe a bayan hannun mutum mu gani. Shekaru yarinya take yi tana koyo, a kan takarda, a kan gilashi, a kan hannun ƙannenta, kafin hannunta ya faɗa. Bayan ta iya kuma, ga ciwon baya, ga ciwon wuya, ga ido da ke mutuwa a hasken fitilar waya.

Akwai abin da ya fi maganar kuɗi nauyi, shi ne lafiya.

Lalle na gaskiya ba ya gaggawa. Ganye ne. Launin da ke cikinsa sai ya zauna a kan fata awanni kafin ya kama, shi ya sa kakanninmu suke ƙunshe ƙafa su kwana da shi, su zura hannu a zunguru. In an wanke, da haske yake fitowa, sai ya kwana ɗaya ko biyu sannan ya nuna ya yi duhu. Tafin hannu da tafin ƙafa sun fi kamawa saboda kaurin fatarsu. Kuma ba ya kama fatar da aka laɓta wa mai. Duk mai ƙunshi tana faɗin wannan har bakinta ya gaji: kada a shafa mai kafin a zo, kada a taɓa ruwa da wuri. Ana ji? A zo an mulke da basilin, a wanke bayan rabin awa saboda za a tafi unguwa, gobe a kira waya ana zagi wai lallenta ba shi da kyau.

Wannan rashin haƙurin ne ya sa aka rungumi dayis, wato baƙin lalle. Abin da ake kira baƙin lalle rinin gashi ne, mai ɗauke da wani sinadari da ake ce wa PPD. Don gashi aka yi shi, kuma ko a gashin, kwalinsa yana gargaɗin a gwada a ɗan wuri a jira awa 48. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ba ta yarda a sa shi a kayan da ake shafa wa fata ba. In jiki ya ƙi shi, sai ƙaiƙayi, sai kumburi, sai ƙuraje masu ruwa su bi sawun zanen, fure bayan fure, wani lokaci sai bayan mako guda ko biyu. Tabon na iya daɗewa. Jikin da ya taɓa ƙin sa kuwa ya ƙi shi ke nan, ko rinin gashi aka shafa nan gaba sai ya tayar. A Sudan, inda suka riga mu sanin wannan haɗi, likitocin Khartum sun daɗe suna rubutu a kan mutanen da sinadarin ya kumbura wa maƙogwaro ko ya taɓa musu ƙoda, har da yara.

Amma me ake cewa a kan tabarmar ƙunshi? "Ki ƙara masa ƙarfi, so nake ya yi baƙi wuluk yanzu-yanzu." In yarinya ta ce a ɗan gwada tukuna, sai a ce ba lokaci. Wata ta san jikinta ya taɓa yin ƙuraje, ta ɓoye. Wata fatarta ta riga ta saɓule da man bilicin, ta yi shiru. Hannu na kumbura kuma sai a ɗauki hoto a watsa a WhatsApp da sunan yarinya da unguwarsu, wai ta ƙona mutum. A rana ɗaya an rushe mata sana'ar da ta gina shekaru.

Ba na wanke mai ƙunshin da ta san illar abin nan ta yi shiru don kuɗi. Wajibinta ne ta faɗa, wajibinta ne ta ƙi. Amma wadda aka gaya wa ta toshe kunne, wa za ta kama da laifi? Kuma a cikin masu zuwa ana yi musu sau biyu a shekara, wa ya taɓa tambayar lafiyar hannun yarinyar da ke cikin wannan sinadari daga safe zuwa dare, ba ko safar hannu?

Mafi muni shi ne jarirai. Uwa ta nace sai an yi wa jinjira zane saboda hoton suna. Likitoci sun tabbatar cewa ko jan lalle na iya farfasa jajayen ƙwayoyin jinin jaririn da aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD, matsala ce ta gado da ta yawaita a ƙasashenmu, musamman ga yara maza. Sai jariri ya yi shawara, jini ya yi ƙasa, a kwashe shi zuwa asibiti. Ɗan kwana bakwai a duniya, me ya sani game da ado? Don wa ake yi? Mai ƙunshi ta ce ba za ta yi ba, sai a ce ta cika iyayi, a tafi wurin wata.

Ga kuma sallah. Malamai sun yi bayani cewa launin lalle ba ya hana alwala, amma kwaɓin da ke kan fata sai an cire. Kowace mace ta san wannan. Mai tsari takan zo da alwalarta, ko ta zaɓi lokacin da ke da tazara, bayan Asuba ko bayan Isha'i. Amma a zo a makare, a sa a zana, ladan ya kira Magariba, a yi kamar ba a ji ba. Bai tsaya nan ba. Yarinya ta ce za ta tashi ta yi tata sallar, sai a ce, "Ki ƙarasa min tukuna." An rasa tata, an hana ta wani.

Mu ne fa al'ummar da ke cika wuraren tafsiri a watan azumi. Mun sha ji daga bakin malamai cewa wanda ya sa ma'aikaci aiki, ya karɓi aikin cikakke, ya hana shi ladansa, yana cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar Alƙiyama. Mun ji cewa jan ƙafar mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Duk an sani. Sai a fito daga tafsiri a danne kuɗin marainiya, a je filin Idi da zanenta a hannu, a ɗaga hannun nan ana roƙon Allah. Da wane ido?

A Turai da Amurka akwai masu zanen jiki da allura, irin wanda ba ya goguwa. Addininmu ya hana shi, ba kuma shi nake tallatawa ba. Amma ku dubi yadda suke tafiyar da shagunansu. Ba a ba mutum rana sai ya ajiye kafin alƙalami, in ya saɓa ba sanarwa kuɗin ya tafi. Da yawa da awa suke lissafi, a Amurka ma al'ada ce a ƙara wa mai zanen tukuici. Masu aikin da muke ƙyama ana mutunta guminsu. Mu da Allah ya ba ado na halal, mun kasa mutunta masu yin sa.

A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa al'adar lalle a jerin al'adun gado na bil'adama, bisa buƙatar ƙasashen Larabawa 16, ciki har da Sudan da Masar da Mauritaniya. Najeriya da Nijar ba sa ciki, alhali a wurinmu ba a kai amarya ba a sa ta a lalle ba. Ta ina za mu nemi duniya ta girmama abin da mu muke wulaƙanta masu riƙe da shi?

Magidanta, ku ma da kasonku. Wani ya ba da kuɗin ƙunshi, an karkatar da shi, bai bincika ba. Wani ko sisi bai bayar ba, amma ya fi kowa yabon hannu. Tambaya ɗaya ce ba ta cin minti guda: an biya mai ƙunshi? Iyayen biki, ku sa ta a lissafi tun farko kamar yadda kuke sa mai hoto, ku ba ta abinci, ku mayar da ita gida kafin dare. Mata da ke zaune a layi, in kun ga ana cutar yarinya a gabanku, ku buɗe baki. Shirunku ne ya ba masu wannan hali ƙarfi.

Ku kuma 'yan uwana masu ƙunshi, ku faɗi kuɗinku kafin ku taɓa hannun kowa, ku karɓa kafin lalle ya hau fata. Neman haƙƙi ba rashin kunya ba ne. Ku daina taɓa jarirai ko nawa za a ba ku, wadda kuma ta ƙi a gwada mata dayis ku bar ta ta tafi.

'Yar maƙwabtan nan tamu tana da wani ɗan littafin makaranta da take ajiyewa a cikin kayan aikinta. Ta nuna min shi. Suna ne da kwanan wata da kuɗi, layi bayan layi, shafi uku cike. Kaɗan ne aka ja wa layi a kai. Da na ce me ya hana ta bi su, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Mama, duk iyayena ne."

Duk wadda ta san sunanta yana cikin irin wannan littafi, ko na bara ne, ko zanen ya goge tun tuni, ta nemi yarinyar nan ta ba ta kuɗinta yau, kafin ta kwanta barci.